Zaman Majalisar Dokoki a Lokacin Annoba



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne ƙa'idojin da majalisun dokoki suka tsara domin wakilansu su riƙa shiga zama daga nesa, sa'ad da annobar korona ta hana mutane cuɗanya. Mai saurare zai iya ɗauka cewa wannan magana ce ta masu gyaran na'ura. Amma a gaskiya magana ce ta mulki, domin kuwa a ƙarƙashinta akwai tambaya guda mai nauyi, watau mece ce ma'anar "halarta"? Idan tsarin mulki ya ce sai wakilai sun halarta kafin doka ta tabbata, shin wanda yake zaune a gidansa, ana ganin fuskarsa a majigi ana jin muryarsa, ya halarta ko kuwa bai halarta ba? Zan ɗauki Majalisar Wakilan Birtaniya ta zama babban misalina, saboda a cikin wata goma sha biyar ta gwada kusan kowace dabara. Daga nan sai in waiwayi wasu ƙasashe, kana in dawo ga tsarin mulkinmu na Nijeriya.

Abin da ya sa majalisa ba ta rufuwa

Lokacin annoba shi ne lokacin da gwamnati take neman iko fiye da na kullum. Takan hana fita, ta rufe kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, ta kashe kuɗin da ba su cikin kasafi, ta ba da kwangila cikin gaggawa. Mai yiwuwa ne duk waɗannan su zama dole. To, amma wa zai tambayi minista dalili? Wa zai duba ko kuɗin sun isa inda aka nufa? Wannan aikin majalisa ne. Saboda haka ranar da taruwar wakilai ta fi zama haɗari ga lafiyarsu, ita ce kuma ranar da talakawa suka fi bukatar su taru.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1625, da kuma 1665, annoba ta sa Majalisar Ingila ta bar Landan ta koma zama a birnin Okusfod. A watan Mayu na 1941 jiragen Jamus suka ƙone zauren Majalisar Wakilai da bama-bamai, wakilai suka koma zauren dattijai, ba su dawo nasu ba sai 1950. Amma a duk waɗannan lokuta wuri kawai aka sake, mutane kuwa suna tare a ɗaki guda. Cutar korona ta zo da abin da ya fi wannan wuya, domin taruwar ita kanta ce haɗarin, ko a wane gari aka yi ta.

Yadda Birtaniya ta fara

Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar da ta game duniya. Ran 25 ga watan Majalisar Birtaniya ta tafi hutu kafin lokacinsa, bayan ta zartar da dokar da ta bai wa gwamnati iko mai faɗi. Da ta dawo ran 21 ga Afrilu, sai ta amince da ƙa'idojin wucin gadi na abin da za mu kira zaman gauraye, watau waɗansu wakilai suna cikin zaure, waɗansu suna gidajensu. Wakilan majalisar 650 ne. Aka yarda kimanin 50 su zauna a zaure nesa da juna, har 120 kuma su shigo ta manhajar Zoom, ana nuna su a manyan alluna da aka rataye a bango. Kashegari aka yi zaman farko. Firayim Minista Boris Johnson yana jinyar cutar a lokacin, sai Dominic Raab ya tsaya a madadinsa ya amsa tambayoyin sabon shugaban 'yan hamayya, Keir Starmer.

Ginshiƙin waɗannan ƙa'idoji shi ne daidaito. An ce kada wanda yake zaure ya sami wata dama da na gida bai samu ba. Wannan magana mai kyau ce, amma ta ci wani abu mai daraja. Al'adar wannan majalisa ita ce wakili ya miƙe tsaye don idon Kakaki ya faɗa kansa, ko ya nemi mai magana ya dakata ya jefa masa tambaya a tsakiyar jawabinsa. A irin wannan katsalandan ne ake gane ministan da ya san aikinsa da wanda kawai aka rubuta wa takarda. Tun da na gida ba zai iya miƙewa a gan shi ba, sai aka hana kowa. Aka koma ga jerin sunaye da ofishin Kakaki, Sir Lindsay Hoyle, yake fitarwa tun kafin zama. Kowa ya san sa'ad da za a kira shi, ya karanta nasa, a kashe masa murya, a wuce ga na gaba. Muhawara ta zama jerin jawabai. Minista kuwa ya sami sauƙi, domin in ya kauce wa tambaya babu zauren da zai yi masa ihu.

Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji waɗanda ba su da ƙanƙanta in aka duba. An ce wakili ya yi shiga irin wadda zai yi in da zaure zai zo, kada kuma ya nuna wani abu ga kyamara don ƙarfafa maganarsa. A watan Fabrairu na 2021 Mataimakiyar Kakaki ta tsallake wani wakili da ya bayyana cikin rigar sanyi, ba ta kira shi ba sai da ya je ya saka kwat. Manufar ita ce a tuna wa kowa cewa ɗakin da yake zaune ya zama yanki na majalisa muddin yana magana. Wannan yana da alaƙa da kariyar da dokar 1689 ta bai wa wakilai, cewa ba za a tuhume su a kotu ba saboda abin da suka faɗa a cikin aikin majalisa. Kariyar tana bin aikin ne, saboda haka dole a san a fili sa'ad da wakili yake cikin aikin da sa'ad da ya fita.

Batun ƙuri'a

Magana daban, ƙuri'a daban. A bisa al'ada wakilan Birtaniya da ƙafa suke jefa ƙuri'a. In aka kaɗa ƙararrawa, masu goyon baya su bi ta wani soro, masu ƙi su bi ta wani, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, abin yakan ci kamar minti goma sha biyar. Babu yadda za a yi haka ba tare da cunkoso ba. Sai ma'aikatan majalisa suka shirya hanyar jefa ƙuri'a ta waya da kwamfuta, aka fara amfani da ita ran 12 ga Mayu 2020. Kowane wakili yana da minti goma sha biyar ya shiga da shaidarsa ya zaɓi abin da yake so.

Wannan tsari bai yi tsawon rai ba. Jagoran Majalisa na ɓangaren gwamnati, Jacob Rees-Mogg, ya ce aikin dokoki yana tafiyar hawainiya, bai kuma kamata wakilai su zauna gida ba alhali ana ce wa sauran ma'aikata su koma bakin aiki. Aka bar ƙa'idojin suka faɗi da kansu. Ran 2 ga Yuni aka kira wakilai Landan su yanke shawara a kan lamarin, suka yi layi nesa da juna, layin ya kai kusan kilomita guda, ƙuri'a ɗaya ta ci fiye da minti arba'in. Gwamnati ta yi nasara da ƙuri'a 261 a kan 163. Ku lura da abin da ya faru a nan. Waɗanda hukuncin ya fi shafa, watau tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyar iyalinsu, su ne ba su sami damar jefa ƙuri'a a kansa ba, domin likitoci sun ce kada su fito. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa yana wakiltar dubban mutane, waɗanda aka rufe musu baki ba da laifinsu ba.

Da surutu ya yi yawa sai gwamnati ta sassauta. Aka yarda wanda ba zai iya zuwa ba ya yi tambaya daga nesa, amma ba zai shiga muhawara a kan doka ba. Ƙuri'arsa kuwa sai ya ba wani wakili ya jefa masa. An fara irin wannan wakilci tun Janairu 2019 saboda masu jego, yanzu sai aka faɗaɗa shi. A watan Nuwamba 2020 aka yi muhawara a kan kansar mama, wata wakiliya mai suna Tracey Crouch, wadda take jinyar wannan cuta a lokacin, ƙa'ida ta hana ta sa baki. Sai ran 30 ga Disamba aka mayar da damar shiga muhawara daga nesa, aka ci gaba da haka har 22 ga Yuli 2021, ranar da ƙa'idojin wucin gadi suka ƙare.

Yanzu bari mu dubi abin da wakilcin ya haifar. Hausawa sun san wakili, domin da shi ake ɗaura aure. Amma wakilin ango mutum ɗaya yake tsaya wa, a kan magana ɗaya da aka sani. A Birtaniya ba a sa iyaka ga yawan ƙuri'un da mutum ɗaya zai riƙe ba. Yawancin wakilai suka miƙa nasu ga masu tsawatarwa na jam'iyyunsu, watau mutanen da aikinsu shi ne tabbatar da kowa ya bi umurnin jam'iyya. Har ta kai ga mataimakin babban mai tsawatarwa na gwamnati yana riƙe da ƙuri'a fiye da 300 shi kaɗai. Wakilin da yake son saɓa wa jam'iyyarsa sai ya fara sanar da wanda aka ɗora don hana shi saɓawa. An soke ƙuri'ar waya da hujjar cewa zuwa da kai ya fi aike, daga baya kuma aka ƙare a kan aike mafi muni. Majalisar Dattijan ƙasar ba ta bi wannan hanya ba. Daga Yuni 2020, a lokacin annobar, kowane dattijo da hannunsa ya riƙa jefa ƙuri'arsa daga nesa, bayan annoba kuma aka bar wa naƙasassu daga cikinsu damar shiga zama daga gida.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Majalisar Wakilan Amurka ita ma wakilci ta zaɓa, ran 15 ga Mayu 2020, amma da sharuɗɗa masu tsanani. Wakili zai rubuta wa Akawun Majalisa takarda ya ambaci wanda ya wakilta. Zai ba shi umurni a kan kowace ƙuri'a dabam. Mutum ɗaya ba zai riƙe fiye da ƙuri'a goma ba. Izinin kuma na kwana 45 ne, sai Kakaki ta sabunta shi. Duk da haka bango ya tsage. A Fabrairu 2021 waɗansu wakilai suka rubuta cewa annoba ce ta hana su zuwa, sai ga su a wani taron siyasa a jihar Fulorida. An daina tsarin a Janairu 2023. Majalisar Dattijan Amurka kuwa ba ta taɓa yarda da ƙuri'a daga nesa a zaurenta ba.

Darasin Amurka da ya fi muhimmanci ya zo ne daga kotu. A ƙarshen Disamba 2022 aka zartar da babbar dokar kasafi alhali fiye da rabin ƙuri'un ta hannun wakilai aka jefa su. Jihar Tekzas ta kai ƙara, a Fabrairu 2024 wani alƙalin kotun tarayya ya yanke cewa adadin da tsarin mulki ya shar'anta bai cika ba, tun da yawancin wakilai ba su cikin zaure da jikinsu, gwamnati kuma ta ɗaukaka ƙara. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abin lura shi ne doka tana iya shiga cikin shakka shekara guda bayan an fara aiki da ita, saboda kalma ɗaya da ba a fassara ba tun farko.

Barazil ta fi kowa sauri. Ran 20 ga Maris 2020 dattijanta suka jefa ƙuri'a daga nesa suka amince da dokar halin bala'i, wakilanta 513 kuma suka riƙa jefa tasu ta wayar hannu. Jamus ba ta yarda da zaman nesa a babban zaure ba, sai ta rage adadin da ake bukata daga fiye da rabi zuwa fiye da rubu'i na ɗan lokaci. Niyu Zilan ta dakatar da zama, ta kafa kwamiti na musamman da yake taro ta majigi don bin diddigin gwamnati, ta ba shugaban 'yan hamayya shugabancinsa, 'yan hamayya kuma suka fi yawa a ciki. A Faransa, Majalisar Tsarin Mulki ta soke gyaran da wakilai suka yi wa ƙa'idojinsu a Afrilu 2021, domin gyaran ya bar wa shugabannin majalisa su tsara yadda za a yi zaman nesa ba tare da ya fayyace iyakokin ba. Afirka ta Kudu ta ga wani haɗarin dabam: a Mayu 2020 ɓata-gari suka kutsa cikin taron wani kwamiti suka watsa hotunan batsa suka zagi Kakaki. Kanada kuwa ta ga amfanin abin, ta sa wakili ya ɗauki hoton fuskarsa kafin a karɓi ƙuri'arsa ta waya, a Yuni 2023 kuma ta mayar da zaman gauraye ƙa'ida ta dindindin.

Tsarin mulkin Nijeriya

An tabbatar da cutar a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020. Ran 24 ga Maris Majalisar Tarayya ta dakatar da zama, ba ta dawo ba sai 28 ga Afrilu. A cikin wannan tsakani ne Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja, daga ran 30 ga Maris, bisa wata dokar killace masu cuta da Turawa suka kafa tun 1926. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara taro ta majigi a watan Mayu. A watan Yuli, da jihohin Legas da Ekiti suka kai maganar zaman kotu ta majigi gaban Kotun Ƙoli, kotun ta nuna cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Ina roƙon ɗalibai su buɗe tsarin mulkin 1999 su dubi sassa biyar. Sashe na 54 ya ce zama ba ya tabbata sai da sulusin dukan wakilai, watau dattijai 37 daga cikin 109, da wakilai 120 daga cikin 360. Sashe na 56 ya ce ana yanke magana da rinjayen waɗanda suka halarta suka kuma jefa ƙuri'a. Sashe na 60 ya bai wa kowace majalisa ikon tsara yadda za ta gudanar da aikinta. Sashe na 63 ya wajabta zama na kwana 181 a shekara ko fiye. Sashe na 68 ya ce wanda ya ƙaurace wa fiye da sulusin kwanakin zama ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba ya rasa kujerarsa. Duk sassan nan sun rataya ne a kan halarta da zama, waɗanda suka rubuta su kuwa ba su yi tunanin majigi ba. Ana iya cewa sashe na 60 ya isa majalisa ta fassara halarta yadda ta ga ya dace. Ana kuma iya cewa ƙa'idar cikin gida ba ta da ikon sake ma'anar kalmar da take cikin tsarin mulki. Hujjojin biyu duka suna da ƙarfi. Ku haɗa wannan da sashe na 305, wanda ya ce dokar ta-ɓaci tana bukatar amincewar kashi biyu cikin uku na dukan wakilan kowace majalisa, cikin kwana biyu in ana zama, ko kwana goma in ana hutu. In hanyoyi suna rufe, jirage ba su tashi, yaya za a tara dattijai 73 da wakilai 240 a Abuja cikin kwana goma?

Abin da ya kamata ƙa'ida ta ƙunsa

Daga duk misalan nan ina ganin abubuwa kaɗan sun fito fili. Na farko, a rubuta ma'anar halarta ƙarara, in ya yiwu a cikin tsarin mulki kansa, domin kada kotu ta zo daga baya ta rushe aikin shekara. Na biyu, kada ikon buɗe zaman nesa ko rufe shi ya kasance a hannun gwamnati. A Birtaniya gwamnati ce take da ikon kawo shawarar, shi ya sa ta iya kashe tsarin ran da ta ga dama. Gara a ba Kakaki ikon bayan ya shawarci shugabannin jam'iyyu, a kuma sa wa izinin wa'adi, in ya cika sai majalisa ta sabunta da ƙuri'a. Na uku, kowane wakili ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa, a tabbatar da shi ne, a buga sunayen a fili. In dole sai an yi wakilci, a sa masa iyaka, a kuma rubuta umurnin. Na huɗu, a nemi hanyar da wakili zai iya katse minista ko ya ja hankalin Kakaki a kan ƙa'ida, domin wanda yake riƙe da maɓallin kashe murya yana riƙe da iko babba.

Na biyar ya fi shafarmu, ya kuma fi shafar ku ma'aikata. Wakilin da mazaɓarsa take inda layin waya yake yankewa, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa, ba daidai yake da na babban birni ba. Ƙa'ida ta faɗi abin da za a yi in layi ya yanke a tsakiyar ƙuri'a: a jira shi, ko a karɓa ta wata hanya da aka tanada, ko a sake. Akawu da marubutan majalisa da masu kula da na'ura su ne za su ɗauki wannan nauyi, su ya kamata a fara horarwa. Haka kuma a tabbatar jama'a suna iya sauraro ta rediyo da talabijin, domin majalisar da ba a ganin zamanta ta rasa rabin amfaninta.

Kammalawa

Ba na daga cikin masu cewa majigi zai maye gurbin zaure. Yawancin sulhu a majalisa a soro da wurin shan shayi ake ƙulla shi, sabon wakili kuma a wurin tsofaffi yake koyon aiki, waɗannan ba su samuwa ta waya. Zaman nesa magani ne na larura. Amma larura ba ta sallama kafin ta shigo, kuma ba annoba kaɗai take kawo ta ba, ambaliya da rashin tsaro suna iya raba wakili da zaure. Ƙasashen da suka rubuta ƙa'idojinsu cikin firgici a 2020 sun yi ta gyara da sokewa da zuwa kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da hankali yake kwance, majalisun tarayya da na jihohi suna da sararin da za su zauna su yanke wannan magana da natsuwa.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba mu lafiya da zama lafiya.